Jan Kofi a Motar Harouna Shofer

Harouna Shofer maƙwabcina ne a unguwar Bobiel ta Yamai shekara goma sha bakwai. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma gajera, in ya yi tari ina ji. Ni sunana Mansur, amma ba mai kirana haka. Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan, don shekara talatin na yi ina koyar da Turancin Ingilishi a kolej kafin in yi ritaya. Na faɗi aikina tun yanzu ne saboda shi ya jawo abin da zan ba da labari, ba don alfahari ba. Alfaharin na riga na yi shi, na kuma ga inda ya kai mu.

Mutumin Konni ne, bai taɓa shiga aji ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya bi wata babbar mota a matsayin aparanti, wato yaron mota, yana wanke ta, yana sa mata waji, yana shan zagi, har ya samu nasa parmi, lasin tuƙi. Shekara talatin da takwas ya yi a hanyar Kwatano: Dosso, Gaya, Malanville, Kandi, Parakou, har bakin teku, ya juyo. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannunsa na hagu ya fi na dama baƙi saboda rataye shi a taga. In yana hira ba ya cewa abu ya faru a shekara kaza, sai dai ya ce lokacin da yake jan jar mota, ko lokacin farar nan mai cin mai kamar ba gobe.

Akwai abu ɗaya a rayuwarsa da ba ya hirarsa a fada, wato majalisar hirar unguwa. Ni ma sau ɗaya ya gaya mini, wata Juma'a da la'asar muna shan shayi mu biyu. Da ƙuruciyarsa ya sha giya, shan gaske. Wani zuwa da ya yi Parakou motarsa ta lalace, aka gyara ta cikin yini guda, shi kuwa ya ƙara kwana uku a garin yana sha. A kwanakin nan matarsa Zuwera ta haihu a Konni, jini ya ɓalle mata. An yi ta aika saƙo ta bakin direbobi, ba wanda ya san inda ya shiga. Da ya iso an riga an binne ta, sai jaririya aka miƙa masa. Ya je bakin kabarin ya yi alkawari uku: ba zai ƙara shan giya ba, ba zai ɗauke ta a motarsa ba, ba zai zauna inda take ba. Kuma ya riƙe. Ya sha rasa lodi saboda haka, an sha ce masa mai taurin kai, bai damu ba.

Jaririyar ita ce Sa'adatu. Kakarta ta rene ta, da ta isa shiga lakwal, makarantar boko, ya ɗauko ta Yamai. Ta yi karatu har jami'a can hayin kogi, ta koyi aikin ordinata, wadda mutanen Kano ke ce wa kwamfuta, yanzu ita ke kula da injinan wani buro, wato ofis, a cikin gari. Ba ta da yawan magana. Tonton, wato kawu, take ce mini tun tana zuwa da littafinta in duba mata.

Ciwon suga ne ya sauke Harouna daga mota. Ƙusa ta soke shi a ƙafar dama, ya ce ba komai, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da tafiya. Kafin a ankara ƙafar ta ruɓe, likitoci suka yanke ta ƙasa da gwiwa. A shekarar ne kuma aka rufe gadar Malanville, abokan aikinsa suka watse, babu ma mai zuwa ya ba shi labarin hanya. Ya dawo gida ya juya fuska ga bango. Mutumin da ke cinye akushin tuwo shi kaɗai ya koma cokali biyu ya ture. Likita ya gaya wa Sa'adatu a fili cewa mai irin ciwon nan in ba ya ci, allurar ma ba ta da amfani, kuma ɗaya ƙafar ba za ta jira ba. Na yi masa nasiha, na yi masa faɗa, na yi masa ba'a, duk ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Sa'adatu ba ta yi masa nasiha ba. Ta shiga kasuwar Wadata wurin masu tsofaffin kayan lantarki, yau ta zo da wannan, jibi ta zo da wancan, har ta harhaɗa inji guda a kan teburin ɗakinsa. Wani abokin aikinta da zai bar ƙasar ya bar mata sitiyarin wasa, wanda mu nan muke ce wa bolan, da wani abu mai kama da katon tabarau da ake ɗaurawa a kai, sunansa kask. Wanda ya sa shi ba ya ƙara ganin ɗakin da yake ciki, sai abin da injin ya nuna masa, gaba da baya da gefe. Akwai kuma wasan tuƙin babbar mota da ta samo.

A nan aikin ya yi wuya, ita ta yi mini bayani da na tambaya. Wasan an yi shi ne don Windows. Kask ɗin kuwa tsoho ne, sabon Windows ba ya gane irinsa, sai a Linux, wani tsarin da ita take aiki da shi, inda wasu masu sa kai suka rubuta abin da zai sa ya tashi. Wato wasa na jin yare ɗaya, kask na jin wani. Dole a sa tafinta a tsakani, wata manhaja da ke juya maganar Windows ta koma ta Linux. Asabar da Lahadi huɗu ta yi tana fama. Hoto ya zo babu sauti, sauti ya zo bolan ya ƙi juyawa, komai ya daidaita sai a ɗauke wuta. Totur da birki ta mayar da su kan maɓallan bolan ɗin, tunda babu ƙafar da za ta taka.

Ranar da ta gama ina nan. Ta ce, "Baba, tashi ka gwada mini wani abu."

Ya ce, "Mi na wanga kuma? Ba ni so."

"Minti ɗaya dai. In bai yi ba in kai shi Wadata in saida."

Muka ɗaga shi muka zaunar a kujera, ta ɗaura masa kask. Mu muna ganin abin da yake gani a ekran, allon injin. Ya juya kai hagu ya ga madubi, ya juya dama ya ga kujerar aparanti, ya ɗaga kai ya ga rufin mota. Sai na ga hannunsa ya kai kan bolan ya shafa shi. Bakinsa ya fara motsi, addu'ar tafiya yake yi. Ta nuna wa yatsansa maɓallin, inji ya tashi, ya fita daga tasha a hankali da tirela a bayansa, bai goga ko'ina ba.

Can ya ce, "Ƙasar wa ta wagga? Ba jandarma, ba rami, ba jaki?"

Na yi dariya har da hawaye, Sa'adatu kuwa ta fita tsakar gida, ta daɗe ba ta dawo ba.

Wata huɗu Harouna ya yi yana tuƙi a ƙasashen Turai daga ɗakinsa na Bobiel. Bai ɗauki abin wasa ba. Da hantsi yake tashi, ba ya wuce ƙa'idar gudu, ba ya wuce mota a kwana. In an kira azahar ba ya yarda a cire masa kask sai ya nemi gefen hanya mai kyau, ya sa sigina, ya faka, ya kashe inji. A nan Sa'adatu ta samu dabararta. In tana gida, da ya faka sai ta buga murfin kwano ta ce, "Shofer, ga shinkafa da miya, da zafinta." Ya ci ya cinye, har ya yi ƙorafin gishiri. Ranakun aiki ni ke buga murfin. Kumatunsa suka dawo, ya koma yi mini tsiya cewa ni da moto ma sai na faɗi. Ya ga ƙanƙara na zuba a kan gilas ya ce Allah ya kyauta wa mutanen nan. Abu ɗaya kawai ya ce sun rasa, babu mai sakwara a bakin hanya.

Wata Asabar a watan Afrilu, ana zafin nan da ke sa mutum ya tsani kansa, wasan ya ƙi buɗewa. Sa'adatu ta ce wata mizajur ce ta shigo, wato sabuntawa, ta rikita tafintan. Harouna na zaune a kujerarsa hannu a kan bolan yana jira, ita tana ta danne-danne, ni ina tsaye a bayanta da tabarau a hanci kamar na san abin da ake yi. Sai wata ƴar taga ta buɗe a ekran. A kusurwarta akwai zanen dogon kofi da jan abu a ciki, kusa da shi kalma mai harufa huɗu, Wine.

Shekara biyar ke nan rabon da wani ya tambaye ni ma'anar kalmar Turanci. Da na ga wadda na sani, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kai! Shofer, ka san abin da aka rubuta nan? Wine. Giya ke nan da Ingilishi, giyar inabi. Ga kofinta ma. Ashe wata huɗun nan da giya kake tuƙi!" Na kuma yi dariya. Na san labarin Parakou, ni kaɗai ma na sani a unguwar, amma a wannan lokacin bai zo mini ba ko kaɗan.

Harouna bai yi dariya ba. Ya ce, "Kac ce mi?"

Sai a lokacin labarin Parakou ya faɗo mini.

Ya matso da fuska kusa da ekran. Ya ce, "Kullum ina ganin kofin ga in tana kunnawa. Ni na aza bisap na, ruwan zoɓo."

Sa'adatu ta ce, "Baba, suna ne kawai. Tafintan da na gaya maka ne. Babu abin sha a cikin inji."

"In an hidda ta, motar na tashi?"

Ta ce, "A'a."

"To, ita ad ɗauke da ni ke nan." Ya janye hannuwansa daga bolan ya goge su a riga. Ya ce a mayar da shi gado, a kuma fitar da injin daga ɗakinsa.

Bayan kwana uku Sa'adatu ta zo gidana, ta same ni a ƙarƙashin bishiyar bedi. Ta ce, "Tonton, sunan nan ba giya yake nufi ba. Harufan farko ne na wata jimla ta masu sana'ar, da ke cewa abin ba kwaikwayon inji ba ne. Kofin kuma wasa suka yi da sunan." Ta nuna mini a wayarta, na karanta da idona, haka yake. Ta ce ta gaya wa babanta, ya ce mata Mushe ya shekara talatin yana koyar da Turanci, ita yaushe ta fara. Ta ce, "In kai ka ce masa ka yi kuskure, zai yarda. Kai kaɗai zai ji."

Ga abin da na kasa gaya wa kowa sai yanzu. A cikin kwana ukun nan labari ya riga ya fita, kuma ni na fitar da shi. A fada an san Mushe ya gano giya ɓoye a cikin ordinata. A ƙofar masallaci wani ya riƙe hannuna ya ce ilimi ya yi rana. Wata mata ta aiko da wayar ɗanta in duba mata ko akwai irin abin a ciki. Kaina ya kumbura, na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Yanzu kuma yarinyar da na koya wa haɗa baƙi ta zo ta ce in koma in ce na yi kuskure.

Na ce mata, "Kalmar dai tana cikin ƙamus, kuma ma'anarta giya. Ban yi ƙarya ba. Bari in samo wata hanya."

Ta dube ni, ta gaishe da iyalina ta tafi.

Hanyar da na samo ita ce limamin unguwa, Malam Anas. Mutumin kirki ne, ya zo ya zauna a bakin gadon Harouna ya yi masa bayani mai kyau: suna ba shi ne abu ba, zane ba ya sa maye, kuma ko rantsuwa ce akwai kaffara. Harouna ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba da liman niy yi alkawalin ba." Da za mu fita ya kira ni, ya riƙe hannuna ya ce ya gode, da ba don ni ba da ya mutu a kai bai sani ba. Na karɓi godiyar. Wallahi na karɓa, har na ce ba komai.

Sa'adatu ta gwada nata. Ta gyara abin da mizajur ta rikita, ta goge zanen kofin, ta sake wa abin suna, ta ce masa an cire. Ya ce ta ce wallahi. Ta kasa. Ta gwada sa Windows a wani faifai, wasan ya tashi amma kask ya ƙi, ta kawo masa ekran kawai. Ya duba ya ce wannan kallon mota ne, ba tuƙi ba, kuma injin dai shi ne wanda abin ya zauna a ciki.

Ya koma ga bangonsa. Cokali biyu, cokali ɗaya, sai ruwa. Kullum da safe in ce yau zan shiga in faɗa, in kai ƙofa in tarar da baƙo, ko in ce bari ya ɗan samu ƙarfi, ko in ce ai ko na faɗa kofin yana nan. Dalilai ba su taɓa ƙare mini ba. A sati na huɗu wani ƙurji ya fito a ɗan yatsan ƙafar da ta rage. A na biyar aka kwantar da shi a gidan likita. Kwana tara ya yi, suka sallamo shi, ba don ya warke ba.

Ranar da aka dawo da shi na shiga da hantsi. Ya zube, hannun nan mai baƙi ya koma kamar icen girki. Sa'adatu na zaune a ƙasa tana jiƙa masa leɓe da auduga. Na zauna na gaishe shi, ya amsa da ido. Na ji tsoro ya kama ni, tsoron kada ya tafi da godiyar nan a bakinsa.

Na ce, "Shofer, na zo in gaya maka na yi kuskure. Kalmar nan da na fassara maka, ba giya take nufi ba. Taƙaitaccen suna ne, harufa aka haɗa. Sa'adatu ce da gaskiya. Ni ne ban sani ba."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kofin hwa?"

"Zane ne kawai. Abin da ka ɗauke shi, shi ne. Ka ce bisap, bisap ne."

"Ka tabbata, Mushe?"

"Wallahi na tabbata. Na karanta da idona."

"Tun yaushe kas sani?"

Na so in ce jiya. Sa'adatu ba ta ɗaga kai ba, amma hannunta ya tsaya. Na ce, "Tun kwana uku bayan ranar."

Bai zage ni ba, ni kuwa zagin na so. Ya rufe ido, ya buɗe, ya ce, "Da ka hwaɗi, Mushe. Na yi kewar hanya."

Na yi kuka a gabansa kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba. Shi kuma ya juya ya ce, "Sa'a, kunna."

Ta tashi da gudu ta ɗauko injin daga ɗakinta, ta jona wayoyi. Allah ya sa akwai wuta. Ba mu iya kai shi kujera ba, sai muka jingina shi da matasai, na riƙe teburin bolan a gabansa, ta ɗaura masa kask ɗin da yanzu ya yi wa kansa yawa. Motarsa na nan inda ya faka ta sati shida da suka wuce, a gefen wata hanya mai itatuwa. Ya yi addu'a. Ya laluba maɓallin da kansa, inji ya tashi.

Ya ɗora hannu biyu a kan bolan ya so ya juya shi ya hau kwalta. Bolan bai motsa ba. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta fito, hannun dama ya zame ya faɗi kan bargo. Na kai hannu zan taimaka, ya ce in bari. Ya zauna haka yana juya kai a hankali, ya dubi madubi, ya dubi hanyar da ke miƙe a gabansa, motoci na wucewa ta gefensa. Mun kai minti goma a haka, ƙarar injin na cika ɗakin.

Sannan ya ce, "Kashe, Sa'a. Kar mu ƙone mai a banza."

Ta kashe. Ranar Alhamis ta wannan satin, bayan azahar, muka kai shi makwancinsa.